Kaltum, Mai Tambayar Inda Waya Take Kwana

Kafin ma'aikata su fara isowa ofishin ƙungiyar manoman tattasai da ke bayan kasuwar Diffa, Kaltum Idrisa ta riga ta sauka daga adaidaita, ta gaisa da maigadi, ta tambaye shi ƙafarsa mai ciwo. Ba ta zama tukuna. Sai ta leƙa ɗakin batura ta ga abin da ranar jiya ta tara, domin wutar gari ba abar dogaro ba ce, sannan ta kunna kwamfuta ta tsaya a kanta, jakarta ma ba ta ajiye ba. Abu ɗaya take dubawa, ko manhajoji biyun da ta haɗa sun kwana lafiya da juna. In ta ga komai ya wuce daidai, sai ta yi hamdala ta fita sayen ƙosai. In ba haka ba, ranar mai ƙosai ta yi asarar ciniki.

Haka take yi shekara da shekaru. Yanzu an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Damagaram, ita ma tana tattara kayanta, kuma in ba a rubuta ba za ta tafi shiru kamar yadda ta zo. Aikinta irin wanda ba a tunawa da mai shi ne sai ranar da ya tsaya. Manoma har yau "yarinyar inji" suke ce mata, alhali babbar 'yarta ta kusa gama sakandare.

Lokacin da ta zo, ƙungiyar tana da manhajoji biyu. Ɗaya ta kula da mutane ce: sunan kowane manomi da kowane ɗan kasuwa mai sayen tattasai, ƙauyensa, lambar wayarsa, yaushe ya zo ofis, me ya nema, me aka ce masa. Ɗayar kuma rumbun takardu ce a intanet, inda aka zuba hotunan takardun ƙungiya bayan shekarar da ruwan kogin Komadugu ya shiga tsohon ofis ya mai da tarin dosiye, wato jakunkunan takardu, kamar kunu. Kowace tana aikinta, amma ba su san juna ba. Manomi zai taso tun daga bakin kogi don takardar shaidar gonarsa, wadda yake nunawa a shingen jami'an tsaro in ya ɗauko taki ko man injin ban-ruwa. Nan take a ga sunansa a manhaja ta farko. Daga nan sai a shiga lalube a ta biyu, hoto bayan hoto, shi kuwa yana zaune a benci yana kallon ƙofa har motar ƙauyensu ta tashi ta bar shi.

Kaltum ce ta ce za ta haɗa su. Babu wanda ya sa ta, kuma babu wanda ya koya mata gaba da gaba. Ta karanta abin da ta samu, ta buga waya Yamai ta dami waɗanda suka fi ta sani, ta gwada ya ƙi, ta sake gwadawa rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke. Wata da watanni tana fama. A ƙarshe kowane manomi ya samu jakarsa a rumbun, kuma sunansa a manhaja ta farko ya zama ƙofar jakar: a danna sunan, takardunsa su fito. Duk sabuwar takarda da aka ɗauki hotonta, da kanta take zuwa ta shiga jakar mai ita. Shugaban ofishin, Alhaji Ɗalha, mutum ne mai son raha. Ranar da ya ga abin da idonsa, sai ya ce tunda an ɗaura wa injuna aure dole a raba goro, kuma ya sa hannu a aljihu aka sayo aka raba. Bencin jira ya koma wurin hira, domin jiran ya ƙare.

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce ta iya aikinta, a yi mata godiya a tashi. Abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne bayan haka, kuma ya fara ne da kuskurenta.

Ta yi tunanin ta rage wa mutane tafiyar gaba ɗaya. Tunda manhaja ta farko ta san lambar wayar kowa, ta biyu kuma tana riƙe da takardarsa, me zai hana a aika masa da ita ta waya? Saƙo ne ɗan gajere, da wani layi shuɗi da ake dannawa takardar ta buɗe, ga sunan mutum, ga sunan wurin da gonarsa take, ga taswirarta. Kowa a ofis ya yaba. Wata safiya a farkon tsinkar tattasai ta kunna abin, ta zauna tana kallon saƙonni suna fita ɗaya bayan ɗaya, ranta fari tas.

Can sai idonta ya tsaya a kan wata lamba da ta wuce sau biyu. Ta sake wucewa, da wani sunan daban. Ta kuma wucewa.

Ta san amsar tun kafin ta bincika. 'Yar kwarin nan ce, a bakin kogi aka yanke mata cibi. A ƙauyukanmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. In aka tambayi manomi lambarsa, sai ya ba da ta bulama, wato mai gari, ko ta limami, ko ta mai shagon cajin waya, kuma bai yi ƙarya ba, domin ta nan ake samunsa. Saƙo ya zo, mai shago ya karanta da ƙarfi, duk wanda ke zaune ya ji, wani ya tashi ya kai wa mai shi. Mahaifiyar Kaltum kanta ta wayar maƙwabci ake kiranta. Manhajar kuwa an ƙera ta ne a inda kowa yake kwana da wayarsa a ƙarƙashin matashi, ita kuma Kaltum ta bi ta a haka ba ta tuna da gidansu ba. Ta kashe aikawar nan take, sannan ta fara bin waɗanda suka riga suka fita. Mafi yawa babu illa, takardar wani ta faɗa hannun maƙwabcinsa, abin dariya ne kawai. Sai ta iso kan sunan Babagana.

Babagana dattijo ne daga wani ƙauye a yankin Tumur. Shekarun baya 'yan bindigar da ake kira mutanen daji suka same shi suka ce ya riƙa sayo musu mai da takardarsa, tunda shi ba a tare shi a hanya. Ya ƙi. Suka ce masa duk inda ya shiga za su zo. Ya kwashe iyalinsa ya yi yamma, wani bawan Allah ya ara masa fili nesa da can, ya fara daga farko. Ranar da ya zo yin takardar sabuwar gonar, Kaltum ce ta ɗauki hotonta, kuma ita ya roƙa da bakinsa kada a faɗa wa kowa inda yake. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa. Sai dai ba shi da waya, don haka babu wanda ya taɓa gurbin lambar. Tsohuwar lambar tana nan yadda ya ba da ita tun farko, ta mai cajin waya a ƙauyen da ya gudo.

Ta toshe layin shuɗin, yadda ko an danna ba zai buɗe ba. Sannan ta duba tarihin takardar, domin rumbun yana rubuta duk lokacin da aka taɓa abu. An buɗe ta sau ɗaya, kafin ta toshe.

Alhaji Ɗalha ya saurare ta har ta gama. Ba mugu ba ne, kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne. Ya ce wataƙila mai shagon ne kawai ya danna, ya ga ba tasa ba ya rufe. Ya ce in aka faɗa wa Babagana, mutumin zai bar gonar da ya sha wahalarta tun damina, ga tattasai ya fara ja, kuma mai yiwuwa a banza. Ya ce in maganar ta bazu, manoma za su ji tsoron ba da takardunsu, aikin da ta yi na watanni ya rushe. Ya ƙara da abin da ita ma ta riga ta sani, cewa duk duniya babu wanda ya ga wannan tarihin sai ita.

"Alhaji, ni na ce mishi ya kwantar da hankalinshi," in ji ta. "In ya kwana can bai sani ba, da maganata ya kwana."

Alhaji ya ce ta ɗauki motar ofis. Ta ƙi. Mota mai tambarin ƙungiya in ta tsaya a bakin gona, kowa zai tambaya gonar wa ce. Ta je tasha ta shiga motar kasuwa, ta matse tsakanin buhuna da wata tsohuwa mai kaji, ta sauka tun kafin wurin ta ƙarasa da ƙafa.

Ta same shi yana gyara hanyar ruwa, wando a naɗe, injin yana ta ƙara a bayansa. Gonar abin kallo ce. Tsinkar farko tana shanye a gefe ta yi jawur, sauran kuma yana jikin itace yana jiran makonni masu zuwa. Da ya gan ta ya yi murna, ya kashe injin, ya shiga jera mata wushe-wushe, gaisuwar mutanen kwarin, ya tambayi mijinta da yara da Alhaji da maigadi, matarsa Jamila ta kawo ruwa. Kaltum ta ce wannan gaisuwar ta fi komai yi mata nauyi, domin tana amsawa tana sane da abin da ke bakinta.

Ta faɗa masa ba ta rage komai ba. Ba ta ce inji ne ya yi ba, ta ce ita ce. Ta ce ba ta san wanda ya buɗe ba, kuma babu yadda za ta sani.

Babagana ya zauna a kan kunyar gona. Ya tambaye ta ko sunan wurin yana ciki, ta ce yana ciki. Ya tambaya har da zanen gonar, ta ce har da shi. Ya ce shagon nan ya san shi, kowa yana zama a wurin, na gari da wanda ba na gari ba.

"'Yata, ke kaɗai na roƙa," ya ce.

Bai ɗaga murya ba. Ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya juya ya kalli tattasan, sannan ya ce wa Jamila ta fara ɗaure kaya.

Sun tashi kafin mako ya zagayo. Maƙwabta sun tsinke masa abin da suka iya, amma tattasai ba ya yafe wa wanda ya bar shi, ruwa yake so a kan kari, kuma kowa yana da tasa gonar. Fiye da rabi ya bushe a tsaye. Daga baya wasu suka ce baƙi biyu sun zo suna tambayar mai gonar. Wasu kuma suka ce ai masu sayen tattasai ne, irin waɗanda ke yawo a wannan lokacin. Har yau babu wanda zai rantse a kan ɗaya. Mai yiwuwa Kaltum ta ceci ran mutum da iyalinsa, mai yiwuwa kuma ta sa shi asarar noman shekara a kan tsoron da babu komai a bayansa. Ta san duka biyun, kuma tana ɗauke da su. Wannan yana ba ni tausayinta ƙwarai.

Kaltum, ke ce kika ga abin da babu wanda ya gani, kika ƙi rufe shi. Ke ce kika shiga motar kaji kika kai kanki gaban mutumin da kika cuta ba da niyya ba, kika tsaya ya kalle ki. Mutane da yawa sun iya haɗa inji da inji. Ban san da yawa da za su yi wannan tafiyar ba.

Da ta dawo ba ta sake kunna aikawar ba. Masu tallafa wa ƙungiyar suka yi ta tambaya daga Yamai me ya tsayar da aikin da aka ce ya kammala, Alhaji Ɗalha ya riƙa tare mata, yana cewa ana gyara. Gyaran kuwa da ƙafa aka yi shi. Ta bi ƙauyukan kwarin a ranakun kasuwarsu, ta shimfiɗa tabarma kusa da masu awon tattasai, duk ɗan ƙungiyar da ya zo ta yi masa tambaya ɗaya: wayar nan da ka ba mu lambarta, a aljihun wa take kwana? Da farko dariya aka yi mata. Wani tsoho ya ce tasu a rataye take kwana a jikin ƙusa, shin ƙusar za ta rubuta? Ta ce ta wane ɗaki ce ƙusar. Aka yi dariya, ya faɗa mata.

Abin da ta jiyo ya wuce abin da ta zata. Wata bazawara mai suna Zulaihat ta ja ta gefe ta ce lambar da ke kan sunanta ta ƙanin marigayi mijinta ce, wanda suke takun saƙa da shi a kan gonar, kuma ba ta so ya ga ko kusurwar takardarta. 'Yan gudun hijira da suka tsallako daga Najeriya da yawa sun ba da lambar waɗanda suka sauke su, wasu kuma sun riga sun bar gidajen. Akwai wanda ya ce a aika wa bulama komai, shi ba ya ɓoye masa ko tari. Kowa da nasa, ta rubuta yadda kowa ya ce.

Sannan ta koma ta sake ɗinka haɗin. Yanzu manhaja ta farko tana tambaya ko wayar ta mutum ce ko ta jama'a, kuma sai ta ji amsa kafin ta nemi komai daga rumbun. In ta jama'a ce, saƙon da ke fita ba ya wuce cewa wane ya leƙo ofis. Layin shuɗin da ake aikawa ga masu wayar kansu yana mutuwa bayan ɗan lokaci. Wanda kuma ya ce a ɓoye inda yake, jakarsa tana kulle, ma'aikaci zai ga sunansa amma ba zai ga wurin ba, sai mai ita ya zo da kansa ya sa yatsansa. Ta cire wa kanta ikon buɗe waɗannan jakunkuna. Anwar, wanda zai gaje ta a aikin, ya ce da ya karɓi ragama ya nemi mabuɗin da ke buɗe duka, sai ta ce masa babu shi, ita ta hana a yi shi. Ya ce ya ɗauka wasa take yi, har sai da ya gwada.

Wannan duka bai dawo da tattasan Babagana ba. Ya samu wani filin a wani wuri, ya zo ofis ya yi sabuwar takarda a hannun wani ma'aikacin, ya sa yatsansa aka kulle. Ya wuce ta gaban teburinta bai tsaya ba. Haka ya yi ta yi shekaru, in ya zo ya gaisa da maigadi, ya gaisa da Alhaji, ita kuma ya ɗaga mata hannu daga nesa kamar wanda bai san ta sosai ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In an yi mata maganar sai ta ce yana da gaskiya, gonarsa ce ta bushe.

Mun gode, Kaltum. Mun gode da jiran da kika ɗauke wa manoma, mun kuma gode da wanda kika mayar musu da gangan inda ya kamata a jira. Ku kuma matasa da kuka karanta wannan fanni, kuna haɗa manhajoji a ofisoshin ƙungiyoyi da asibitoci da makarantu, ku riƙa tashi daga kan kujera. Ku je ku ga hannun da saƙonku zai faɗa. In kun yi kuskure, ku kai shi da ƙafarku wurin wanda ya shafa tun kafin ya ji a wani bakin. Ita haka ta yi, kuma bai zo mata da sauƙi ba.

A makon da za ta tafi, ana cikin haɗa kwali a ofis, sai ga Babagana. Ya tsufa, sanda yake dogarawa. Wannan karon bai ɗaga hannu daga nesa ba, ya zo har gaban teburin ya ja kujera ya zauna. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta da. Ya ce ya ji za ta Damagaram. Ya ce Jamila ta ce ba zai yiwu ta bar ƙasar nan ba ta ci tuwon gidansu ba, don haka ta zo ranar Juma'a da yaran. Sai ya sunkuyo ya rage murya, ya fara kwatanta mata hanya, inda za ta sauka a mota, da itacen da za ta bi ta damansa.

Kaltum ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Idonta ya cika.

"Baba, kada ka faɗa mini," ta ce. "Na ji gayyatar, kuma ta ishe ni har abada. Amma kada ka faɗa mini."

 Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mata albarka, ita da abin da ta haifa.

Ranar Juma'ar, Jamila ce ta sauko daga motar kasuwa da ƙwarya a ka. A ƙasan ofis aka shimfiɗa tabarma, Kaltum ta ci tuwon har ta suɗe hannu, kuma ba ta tambayi daga ina aka taho da shi ba.